Me ya kai shanun Saudiyya cin ciyawar Amurka?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mai sana'ar fura da nono a Makka, wajen Shari' Mansur. Ɗanta ne ya nuna mata wani bidiyo a waya, wai gwamnar wata jiha a Amurka ta kori wani kamfanin Saudiyya da ke noman ciyawa a can yana lodo ta a jirgin ruwa saboda shanun da ake tatsa a nan. Ta ce: "Ciyawa fa, Malam! A ce ƙasa mai arzikin fetur sai ta je bangon duniya ta yanko ciyawa, alhali ga Sudan a tsallaken Jidda? Gaskiya ne ko ƙaryar 'yan waya ce? In kuma gaskiya ne, madarar da muke saye za ta yanke?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa sana'a albarka. Labarin gaskiya ne, sai dai bidiyon ta wutsiya ya kamo shi. Ni aikina ban-ruwa ne. A Sudan aka haife ni, kakanninmu na cikin waɗanda suka zauna a Mai Wurno kusa da Sennar, can na yi karatu, sannan na shafe shekaru masu yawa a gonakin Kharj da Wadi Dawasir a nan Saudiyya ina auna rijiyoyi. Saboda haka wannan magana ta taɓa ni ta gefe biyu, kuma zan ɗan ja ki da nisa kafin mu isa Amurkan.

Da farko dai, ba irin ciyawar da muka sani a bakin hanya ba ce. Barsim ce, wadda Turawa ke kira alfalfa, kin sha ganin damin ta ɗanya a kasuwar tumaki. 'Yar gidan su wake ce, kamar yadda harawa take a wurinmu, tana da sinadarin gina jiki sosai. Shanun madarar ƙasar nan kuwa ba irin namu ba ne masu yawon kiwo. Holstein ne, masu baƙi da fari, 'yan asalin ƙasashen sanyi na Turai. Saniya ɗaya a manyan gonakin nan tana iya ba da lita 40 a rana, amma da sharaɗi: a ajiye ta a inuwa, fanka na kaɗa mata iska, ana fesa mata ruwa kamar yayyafi duk lokacin bazara, a kuma cika mata ciki da barsim da masara da dusar waken suya. Ranar da aka rage mata abinci, a wurin tatsa za a gani. Kamfanin Almarai, wanda kwalbar laban ɗinsa, wato nono, ke kan kusan kowace tabarmar buɗa-baki, an kafa shi ne a 1977 da haɗin gwiwar Yarima Sultan bin Muhammad bin Saud Al Kabir da wasu 'yan'uwa biyu manoma daga Ailan, kuma tun daga ranar farko tambayar da ke gabansa ita ce ta ina abincin shanun zai fito.

To ga lissafin da muke yi a gona, shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya. A ƙasa mai zafi irin wannan, hekta ɗaya ta barsim tana shan ruwa kusan tan 20,000 a shekara, wani wurin ma fiye, domin ba ta da rani ba ta da damina: a yanke, ta tofo, a sake yankewa, har sau goma ko fiye. Abin da za a samu na busasshiya bai wuce tan 20 da 'yan kai ba. Wato kowane kilo ɗaya na busasshiyar barsim ya sha ruwa wajen lita 1,000. Kin san wayit, motar ruwan nan da ake kira idan tankin gida ya ƙafe. Ki ɗauka tana cin tan 20. Kwantena ɗaya ta barsim da aka sauke a tashar jiragen ruwa daidai take da wayit 1,000 da suka yi layi. Wanda ya shigo da ciyawa, ruwa ya shigo da shi, sai dai an busar da shi an matse shi ya yi sauƙin ɗauka. Wani malamin jami'a a Landan, Tony Allan, shi ya fito da wannan tunani fili a 1993, ya kira shi ɓoyayyen ruwan da ke cikin kayan abinci, har aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Stockholm a 2008. Mu da muke tsaye a bakin rijiya mun san abin tun kafin a raɗa masa suna.

Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara. Ruwan sama a yawancin ƙasar bai kai ko ya tsaya a milimita 100 ba a shekara, abin da Kano kan samu a 'yan kwanakin Agusta. Abin da take da shi shi ne taskokin ruwa a can ƙarƙashin duwatsu, irin su Saƙ a arewa da Wajid a kudu, ruwan da ya taru tun dubban shekaru lokacin da yankin nan yake da damina. Shi wannan ruwa ba ya komawa. Abin da aka ɗiba ya tafi kenan, kamar rumbun gado ne da babu gonar da ke cika shi.

Me ya sa aka taɓa shi da ƙarfi haka? Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Bayan ƙasashen Larabawa sun riƙe man fetur a 1973, sai aka fara jin wata irin magana daga Amurka. Sakataren aikin gonarta na lokacin, Earl Butz, ya faɗa a 1974 cewa abinci makami ne. Duk shugaban da mutanensa ke cin burodi safe da yamma, alkamar kuma daga waje take zuwa, in ya ji wannan ba zai yi barci ba. Sai gwamnati ta ce za ta noma alkamarta ko da nawa ne. Aka raba filaye kyauta, aka ba da bashin da babu kuɗin ruwa a kansa, aka sauƙaƙa injuna da man dizal, sannan gwamnati ta riƙa sayen alkamar a kan riyal 3,500 kowane tan, ninki biyar ko fiye na farashin kasuwar duniya. Wa zai ƙi noma a haka? Zuwa 1984 ƙasar ta wadatu da alkamarta. A 1992 ta girbe sama da tan miliyan 4, ta zama ta shida a duniya wajen sayar da alkama waje. Ƙasar da ba ta da kogi tana sayar wa masu koguna alkama. Wannan, a wurina, ya fi labarin ciyawar Amurka ban mamaki nesa ba kusa ba.

Idan kin taɓa hawa jirgi daga Jidda zuwa Riyad ko ta sararin Tabuk da rana, kin ga koren da'irori a kan jan yashi kamar an jera faifai. Kowace da'ira rijiyar burtsatse ce a tsakiya, da dogon bututu a kan tayoyi yana kewayawa yana feshi, ma'aikata na ce masa rashash. Wasu rijiyoyin zurfinsu ya kai kilomita guda.

Ba zan manta wata gona da na yi aiki a cikinta a kudu ba. Muna da littafi da muke rubuta zurfin ruwan kowace rijiya a farkon kowane wata. Ana zura igiya mai ƙararrawa a baki, in ta taɓa ruwa sai ta yi ƙara, a karanta lamba. Shekara bayan shekara lambar ƙaruwa take, ba ta taɓa ja da baya ba ko sau ɗaya. Duk bayan wani lokaci sai a kira masu kurane su zare famfon, a ƙara masa bututu, a sake saukar da shi ƙasa. Daga nan ruwan ya fara canza ɗanɗano. Wani dattijo Basudane mai kula da rashash ya kan ɗebo a tafin hannu ya kurɓa ya tofar, ya dube ni bai ce komai ba. Bayan an ɗauke feshi sai ka ga farin gishiri ya kwanta a kan ƙasa kamar an barbaɗa kanwa. Da'irar da ke can ƙarshen gonar ita aka fara bari. Har na bar wurin bututunta na nan tsaye, yashi ya binne tayoyin zuwa rabi. A garin Laila, yankin Aflaj, akwai tafkuna da dattawan wurin suka yi iyo a cikinsu suna yara. Yau ramuka ne busassu, mutum na iya tsayawa a baki ya hango ƙasansu. Idanun ruwan Al-Ahsa da suka shayar da dabino ɗaruruwan shekaru su ma da yawa sun daina ɓulɓulowa da kansu, sai da famfo.

A 2008 gwamnati ta yanke shawarar da nake ganin ita ce daidai, ko da yake ta zo a makare: za ta riƙa rage sayen alkamar gida da kashi 12.5 cikin 100 kowace shekara har a daina a 2016. Amma manomi da ya riga ya haƙa rijiya ya ci bashin rashash ba zai naɗe hannu ba. Da yawa sai suka koma barsim, tunda masu shanu da raƙuma da tumaki na saye hannu bibbiyu. An gudu ba a tsira ba, domin alkama wata huɗu zuwa biyar take yi a lokacin sanyi a girbe ta, barsim kuwa duk shekara take sha, ruwan da take ci ya ninka na alkama wajen sau uku. Dole a ƙarshen 2015 majalisar ministoci ta sake fitar da wani hukuncin, aka ba manyan gonaki shekara uku su daina noman koren abincin dabbobi. Daga baya ma an sake buɗe wa ƙananan manoma ƙofar alkama da iyaka, don ta fi barsim sauƙi ga rijiya.

To Hajiya, ga shanu dubbai a rumfa, ga umarni cewa kada a noma musu abinci a gida. Ina za a nufa? Almarai ya hango abin tun da wuri. A 2011 ya sayi wani kamfanin noma a Ajantina mai suna Fondomonte. A 2014, da wannan suna, ya sayi eka 9,834 a wani wuri da ake kira Vicksburg a jihar Arizona kan dala miliyan 47.5, ya ƙara da wata gonar a Blythe ta jihar Kalifoniya a 2016. Ban da wanda ya saya, ya kuma karɓi hayar filayen gwamnatin jihar a kwarin Butler.

Abin da zai ba ki mamaki, Arizona ita ma hamada ce. Zafinta da na Najad, yankin tsakiyar Saudiyya, ɗan juma ne da ɗan jummai, shi ya sa barsim ke son wurin, ana yanka ta kusan duk shekara. Abin da ya bambanta su doka ce. Dokar ruwan ƙasa ta jihar, ta 1980, ta tsaurara ne a kewayen manyan birane irin su Phoenix da Tucson, ta bar yawancin karkara a sake: in kana da fili, ka haƙa ka zuƙa iya ƙarfin injinka. Hayar filin gwamnatin kuwa a lokacin dala 25 ce kowace eka a shekara, wajen riyal 94, ruwan da ke ƙarƙashi kuma ba a caji ko sisi a kansa. Ana cikin haka fari ya shekara ashirin yana cin yammacin Amurka, kogin Colorado ya ja baya, mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da manyan gonaki suka fara kukan rijiyoyin gidajensu na ƙafewa. Shi kuma kwarin Butler yana cikin wuraren da jihar ta keɓe tun da daɗewa don ranar da Phoenix za ta buƙaci ruwa.

Daga nan siyasa ta shigo. A zaɓen 2022 wata 'yar takarar babbar lauyar jiha, Kris Mayes, ta riƙe maganar a yaƙin neman zaɓenta, ta kuma ci da ratar ƙuri'a 280 kacal. A Oktoban 2023 gwamna Katie Hobbs ta soke ɗaya daga cikin hayoyin kwarin Butler, ta ce sauran ukun ba za a sabunta su ba idan wa'adinsu ya cika a Fabrairun 2024. Wannan shi ne abin da ɗanki ya gani. A Disambar 2024 kuma Mayes ta kai kamfanin kotu kan yawan zuƙar ruwa a ɗaya yankin, wato wajen Vicksburg. Amma a lura, filin haya aka karɓe. Wanda kamfanin ya saya da kuɗinsa ba a ƙwace ba, saboda haka "kora" ta yi wa abin girma.

Ra'ayina a nan, kuma ba na ɓoye shi: mutanen Arizona suna da gaskiya su kare ruwansu, amma kamfanin bai shiga ta taga ba. Ƙofa ya tarar a buɗe, dokarsu ce ta buɗe ta, jami'ansu ne suka sa hannu a kan dala 25. Manoman Amurka da kansu suna noma barsim ɗin nan da ruwan nan suna sayar wa Sin da Japan, kuma hayaniyar ba ta kai haka a kansu ba. Baƙo ya fi sauƙin nunawa da yatsa ranar zaɓe. Mu da muka tashi ana kiranmu Takari a nan, ana kiranmu Fallata a can, mun san wannan ba sai an karanta mana ba.

Kina iya cewa, to me ya sa ba za a haƙura da shanun ba, a sayo madarar gari kawai? Ki tuna abin da ya faru da Ƙatar. Ranar 5 ga Yunin 2017 Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da ita, aka rufe iyakar Salwa, wadda ita kaɗai ce hanyar mota da ƙasar ke da ita, kuma ta nan yawancin madararta ke shiga. Cikin 'yan makonni sai ga shanu ana lodawa a jirgin sama. Rukunin farko, guda 165, sun sauka a watan Yuli daga Turai, wasu dubbai suka biyo baya, kamfanin Baladna ya gina musu rumfuna a hamada. An sasanta a Al-Ula a Janairun 2021, amma kowa a yankin ya ga darasin da idonsa. Madara ɗanya ba ta jure tafiya, busasshiyar ciyawa kuwa ana iya tara ta wata da watanni, kuma in wata ƙasa ta hana sai a saya a wata. Shi ya sa ake ajiye saniyar a gida, a bazama neman abincinta a duniya.

Ba ciyawa kaɗai ba. Tun tashin farashin abinci na 2007 da 2008, lokacin da Indiya ta taƙaita fitar da shinkafa, Saudiyya ta ɗauki manufar mallakar gonaki da rumbuna a waje. Kamfanin gwamnati mai suna SALIC ya shiga cikin waɗanda suka sayi tsohuwar hukumar alkama ta Kanada a 2015, ya sayi gonaki a Yukren da Ostareliya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Olam Agri: SALIC ya sayi kashi 35 cikin 100 nasa a 2022, a Fabrairun 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da za ta kai shi kashi 80. Olam ɗin nan a Najeriya ya fara a 1989, shi ke da babbar gonar shinkafa a jihar Nasarawa, shi ya sayi kamfanin fulawar Dangote a 2019. Ke nan 'yan'uwanmu da ke sayen fulawa a Kano ko Gusau su ma igiyar ta biyo ta ƙofarsu.

Yanzu ga Sudan, inda tambayarki ta fi yi mini nauyi. An je, Hajiya, tun tuni. Tun zamanin shugaba Numeiri, a shekarun 1970, ake kiran Sudan rumbun abincin ƙasashen Larabawa, har aka kafa hukumar zuba jarin noma ta Larabawa a 1976 aka ajiye hedikwatarta a Khartum. Ƙasa ce mai faɗi, ga Nilu, yarjejeniyar 1959 da Masar ta ba ta tan biliyan 18.5 na ruwansa a shekara, ga kuma wata babbar taska a ƙarƙashin hamadar Nuba da take rabawa da Masar da Libiya da Chadi. Wanda ya bi hanyar arewa wajen Barbar ko Dabba ya ga irin koren faifan nan na Najad sun bayyana a can, na kamfanonin Saudiyya da Daular Larabawa, kuma barsim na cikin manyan abin da suke nomawa a kai Port Sudan a haye da ita. A 2016 majalisar dokokin Sudan ta amince a ba Saudiyya damar noma faddan miliyan 1 a gabas, yankin madatsun Atbara ta Sama da Setit, na tsawon shekara 99. Faddan ya ɗan ɗara eka kaɗan. Shekara 99 kuwa, jikan wanda ya sa hannu ma ba lallai ya ga ƙarshenta ba.

Akwai kuma wata hanyar da ruwan Sudan da ciyawarta ke hayowa, da ƙafa huɗu. Ragon da ake ce wa sawakni a kasuwa, daga tashar Sawakin ya samo sunan. Miliyoyi ake hayowa da su, musamman gab da aikin Hajji. Kin tuna a Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a bakin tashar da tumaki 15,800, alhali an gina shi ne don 9,000, ɗari bakwai kawai aka ceto. Kowane ɗaya cikinsu kiwon shekara ne na wani makiyayi a Kordofan ko Darfur.

Dalilin da ya sa Sudan ba ta wadatar da shanun nan ba, har aka dangana da Ajantina da Arizona, ba ƙarancin ƙasa ba ne. Kamfanin madara yana son kwantena ta iso ranar da aka ce, da inganci iri ɗaya, shekara goma a jere. Wannan na buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da titi mai kyau zuwa tasha, da kuɗin ƙasa da ba ya narkewa a hannu, da doka da ba ta canzawa in gwamnati ta canza. Sudan ta daɗe tana fama da duka huɗun, sannan yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ranar 15 ga Afrilun 2023.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Ƙasar da ake noma wa shanun waje abinci a cikinta, ita ce ƙasar da ke sayo yawancin alkamarta daga waje. A Disambar 2018 burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, mutanen Atbara suka fito titi, wutar da ta kama daga nan ita ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. A 2024 alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mutum sama da miliyan 25 na cikin matsananciyar yunwa, a watan Agusta kuma aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da Fashir a Darfur. Ga kuma Jazira, gonar da ta haura faddan miliyan 2, wadda tun 1925 ruwa ke gangaro mata da kansa daga madatsar Sennar ba tare da famfo ba. Ni da na ga ana kashe dukiya ana jawo ruwa daga zurfin kilomita, na san irin ni'imar da ke cikin wannan. Kakanninmu da iyayenmu sun tsinci auduga a Jazira, da yawansu sun rayu a kambo, wato zangon leburori, a gefen gona ba su taɓa mallakar hawasha, wato yankin gona, ko ɗaya ba. Da yaƙi ya shiga Wad Madani a Disambar 2023, lokacin alkama na ƙasa, 'yan'uwana na cikin waɗanda suka bar shuka a gona suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Wata gwaggona da ta saba aiko mini da garin dawa na kisra, gurasar Sudan, ni na koma ina aika mata kuɗin da za ta sayi mudu.

Ban ce jarin waje haramun ne ba. Sudan na buƙatar injuna da tituna da kasuwa, Saudiyya na buƙatar abinci, tsakaninsu kuma tekun kwana ɗaya ne a jirgi. Ciniki ne da zai iya amfanar kowa. Abin da nake dubawa shi ne wa aka tambaya. A Arizona, manomin da rijiyarsa ta ƙafe yana da jarida, yana da ƙuri'a, yana da kotu, kuma cikin shekara goma muryarsa ta kai ofishin gwamna. Makiyayin yankin Butana na Sudan da ya tarar an kewaye burtalinsa da waya, wa zai kai wa kuka? Maganar ƙasa a Sudan ba wasa ba ce, mu Hausawa mun fi kowa sani: rikicin 2022 a jihar Nil Azrak, wadda kafofin labarai ke kira Blue Nile, ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma tushensa wa ke da iko da ƙasa. Da za a nemi shawarata ranar da zaman lafiya ya dawo, in sha Allahu, zan ce kada a sa hannu a kan kowace haya sai an ɗaura wa kowace rijiya mita ana karantawa ana bayyanawa, a sa wa ruwan kuɗi, a rage wa'adin zuwa abin da mutum ɗaya zai iya gani a rayuwarsa, a kuma rubuta kason amfanin da zai tsaya a kasuwar gida. Littafin nan da muke cikewa a farkon wata, shi ya kamata mutanen ƙauye su sami damar buɗewa su gani.

Game da madararki kuwa, ki kwantar da hankali, ba za ta yanke saboda hukuncin Arizona ba. Filin da aka karɓe ƙaramin yanki ne na inda ciyawar ke fitowa. Akwai gonakin Ajantina, akwai sauran na Amurka, ana kuma saye daga ƙasashe irin su Sifen. Abin da zai iya taɓa ki shi ne farashi, domin yanzu kuɗin laban na ɗaure da kuɗin jirgin ruwa da na masara da waken suya a kasuwar duniya. Idan kika ji an sami fari a Ajantina, ko rikici ya hana jirage wucewa ta Babul Mandab kamar yadda aka gani daga ƙarshen 2023, to ki sa ido a kan kuɗin jarka a watannin da ke biye, ki daidaita farashin ƙullin furarki tun kafin ribar ta shige ciki. A gaida yaron da ya nuna miki bidiyon, a ce masa ya nemi hoton tafkunan Laila na da da na yanzu ya nuna miki su ma.